Darasin nazarin ƙashin kai ƙarƙashin jagorar malami: yadda na same shi a zango guda na digiri na biyu

A cikin darussan zaɓi da sashenmu na tarihi yake bai wa ɗaliban digiri na biyu, akwai guda ɗaya da ba shi da aji, ba shi da lokaci a jadawali, kuma ba a rubuta masa jarrabawa. Ɗalibi ne yake kawo batun da yake son zurfafawa a kansa, ya nemi malamin da zai amince ya jagorance shi, su cike fom shugaban sashe ya sa hannu, a ƙarshen zango kuma ya miƙa doguwar takarda wadda a kanta za a ba shi maki. Nauyinsa kiredit uku ne, kuma a ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa kiredit ɗaya yana daidai da awa ɗaya ta lacca a kowane mako har tsawon makonni 15, wato ke nan ɗalibi ya karɓi amanar awa 45 na darasi waɗanda babu mai tsaya masa a kansu sai shi kansa. Na ɗauki wannan darasi, kuma ina ganin shi ne mafi amfani a cikin duk abin da na biya wa kuɗin makaranta a wannan shekara, duk da cewa yana da raunin da ya kamata mai shirin ɗauka ya sani tun kafin ya sa hannu a fom.

Batun da na kai shi ne fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, yankin da ke arewacin Ghana ta yau. Malamin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, wannan ai aikin rayuwa ne ka ɗauko, mu kuwa zango guda gare mu." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to ta ina zan kama?" Bai ba ni amsa kai tsaye ba, sai ya umarce ni in karanta littafin Paul Lovejoy a kan ayarin goro, wanda maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1980, in dawo bayan mako biyu da tambaya ɗaya tak wadda littafin ya bar mini a zuciya. Da na dawo, tambayata ta tsuke zuwa abin da ya sami fataken Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari bayan da hanyar ƙafa ta fara mutuwa: Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante masu noman goron, a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a 1892, sannan layin dogo ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau jirgin ƙasa. Wannan tsukewa ita ce fa'idar farko da na samu, domin a ajin da ake ɗalibai da yawa babu malamin da zai zauna da mutum ɗaya har ya raba shi da kwaɗayin rubuta komai.

Fa'ida ta biyu, wadda ta fi ta farko girma a wurina, ita ce jan biro. Duk bayan mako biyu nakan kai shafuka kaɗan, su dawo mini da tambayoyi a gefen kowane sakin layi, kuma mafi yawansu iri ɗaya ne: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma me ya sa za mu yarda da shi? Na taɓa rubuta cewa jirgin ƙasa ya kashe sana'ar madugai baki ɗaya, sai ya ja layi a ƙarƙashin kalmar "kashe", ya aike ni kasuwar goro ta Mariri in zauna da dattawan da suka gaji sana'ar, in ji ko iyalan tsofaffin fatake sun bar goro ne ko kuwa hanyar ɗauko shi kawai suka sauya. Abin da na jiyo a can ya tilasta mini rushe kashi ɗaya cikin uku na takardar in sake gini. A wannan zama ne kuma na koyi yadda ake auna maganar baka da takardar Bature, domin jami'in mulkin mallaka yana rubuta abin da ya shafi haraji da kuɗin fito, dattijo kuwa yana tuna sunan mai gida da amanar da ke tsakanin dillali da baƙonsa, kuma kowanne yana da abin da ya tsallake.

Sai dai akwai kuɗin da ba a rubuta a takardar rajista ba. Aikin tarihi irin wannan ba ya yiwuwa sai an je Kaduna, inda ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa take riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, ga kuma Arewa House, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. Kuɗin mota da na masauki da na ɗaukar hoton takardu duk daga aljihuna suka fito, sashen bai tanadi ko sisi ba. Muƙalun mujallu sun zo da sauƙi ta intanet, musamman a rumbunan mujallun ilimi na JSTOR da AJOL, amma sai da na koya wa kaina yadda ake nemo su, alhali zama ɗaya da ma'aikacin ɗakin karatu a farkon zango da ya rage mini wahalar makonni.

Babban raunin darasin yana cikin fom ɗin da kansa. Yana neman taken batu da sa hannun mutum uku, amma bai faɗi sau nawa za a haɗu ba, bai ƙayyade kwanakin da malami zai riƙe aiki kafin ya mayar ba, kuma bai bayyana ma'aunin da za a bi wajen ba da maki ba. Ni na yi dace da jagora mai cika alkawari, wanda ko tafiya ta kama shi yakan turo gyaransa ta WhatsApp. Wata abokiyar karatuna kuwa, wadda ba ta gaza ni ƙwazo ba, ta faɗa hannun malamin da ɗalibai suka yi wa yawa, ga lacca ga aikin ofis, har ta shafe fiye da wata guda babinta yana kan teburinsa, ita kuma nauyin baki da girmamawar da ke tsakanin ɗalibi da malami suka hana ta matsa masa. Kiredit ɗinmu iri ɗaya, kuɗin da muka biya iri ɗaya, amma abin da muka samu ya sha bamban, kuma wannan ya dame ni ƙwarai, domin babu wata ƙofa da aka tanadar mata ta kai kuka ba tare da ta ji tsoron abin da zai biyo baya a makinta ba. Gyaran ba mai tsada ba ne: a rubuta adadin haɗuwa da wa'adin mayar da aiki a cikin fom, a sa malami na biyu ya karanta takardar ƙarshe, a kuma tara duk masu wannan darasi sau ɗaya a tsakiyar zango su gabatar da inda suka kai a gaban juna, wanda hakan zai rage kaɗaicin da ke sa wasu su yi sanyi.

Ina ba da shawarar darasin ga ɗalibin da ya riga ya san fagen da kundinsa zai dosa, kuma yake iya tsara wa kansa lokacin karatu ba tare da an bi shi ba. Ma'aikacin da yake karatu a ƙarshen mako kawai ya yi lissafi sosai, domin ma'adanar takardu a ranakun aiki take buɗewa. Kafin kowa ya zaɓi jagora, ya tambayi ɗaliban da suka gabace shi kwana nawa aiki yake yi a hannun malamin, sannan a zaman farko ya roƙi a rubuta ranakun haɗuwa a takarda. Takardar da na miƙa a ƙarshen zangon ita ce yanzu babi na biyu na kundina, kuma malamin ya amince ya ci gaba da duba sauran babukan.