Cambridge Dictionary na intanet da kalmar piles

Turanci nake koyarwa a ajin ƙarshe na sakandare, kuma babban abin da nake nema a wajen ƙamus shi ne ya furta kalma yara su ji da kunnensu. Shi ya sa nake yaba wa shafin Cambridge Dictionary. Kyauta ne, kuma kusa da kalma akwai ɗan hoton lasifika biyu, ɗaya lafazin Ingila, ɗaya na Amurka.

Kalmar da na fi gwada shi da ita ita ce piles. Hausa ba ta da p irin ta Bature, don haka a bakin yaranmu pile da file duk "fayil" ne. Wannan na damuna ƙwarai, domin irin waɗannan sautukan ake tambaya a jarrabawar furuci ta WAEC. Nakan danna lasifikar, su saurara, sannan kowa ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa. In ya haɗa leɓɓansa biyu ya sake su da iska, takardar ta yi tsalle, to p ta fito. In haƙoran sama suka sauka kan leɓen ƙasa, ya koma file. Wasalin tsakiya ba ya ba su wahala, "ai" ne irin na "kai". Harafin ƙarshe kuwa, ko da yake s aka rubuta, z ake ji, kuma muryar da ke shafin tana fitar da shi tar.

Wajen ma'ana ma ya gamsar da ni. Ya fara da tarin kaya da aka ɗora wani kan wani, kamar a pile of books. Sai piles of work, wato aiki jibge, wanda salon hira ne, bai dace da wasiƙar neman aiki ba. Ya kuma nuna cewa piles na nufin basir. Masu tallar maganin gargajiya a tashoshin motarmu "pile" suke cewa, amma a ƙamus da s ɗinta take zuwa. Har pile-up yana ciki, karon motoci da yawa a lokaci guda.

Inda ya tsaya shi ne bayaninsa da Turanci ne. Akwai fassara zuwa Larabci da Faransanci da wasu harsuna, Hausa ba ta ciki. Bambancin tari da tsibi da kashin tumatir a kasuwa, wannan aikin malami ne. Sautin kuma sai da data.

Ga 'yan'uwana malamai, a haɗa wayar da ƙaramar sifika kafin a shiga aji, don sautin waya ba ya kaiwa ga 'yan bencin baya. A kuma tsaya kan lafazin Ingila, shi ne manhajarmu ta fi karkata gare shi.