Littafin tsoron da muka karanta a rukunin WhatsApp: sharhi daga Tawa

Littafin nan ya ci kuɗinsa, wannan shi ne abu na farko da zan faɗa. Jikka guda na biya aka sa ni a rukunin WhatsApp inda marubuciyar ke sakin labarin shafi-shafi bayan sallar isha'i, kuma tun da nake karatun littattafan Hausa ban taɓa gamuwa da wanda ya sa ni leƙa bayan ƙyaure kafin in kwanta ba sai shi. Amma akwai wani gefe nasa da ya tsaya mini a rai, kuma saboda wannan gefen ne ba zan ambaci sunan littafin ko na mai shi ba. Ba na son maganata ta zama jifa ga baiwar Allah da ta zauna ta wahala a kan rubutunta. Waɗanda muke rukunin tare za su gane shi nan take.

Batun biya ya ɗan ba ni wuya. Marubuciyar a Najeriya take, asusunta na naira ne, mu kuwa sefa ke hannunmu. Sai da na tura wa wani ɗan'uwana da ke Ƙonni, shi ya san yadda ya yi da abokan cinikinsa na Illela ta tsallaken iyaka. Mu ƴan Nijar muna da yawa a rukunin, daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da nan Tawa, ya kamata a ce an tanadar mana hanyar biya da sefa. Shafukan kuma ba kullum suke zuwa a kan lokaci ba, wani daren sai a yi shiru ba bayani. Rubutun ba ƙugiya a haruffa, sannan akwai Ingilishi tsamo-tsamo a cikin hirar matasan labarin. Mu da muka yi lakwal da Faransanci mukan tsallake layi mu bi ma'ana da hasashe. Waɗannan duka ƙananan abubuwa ne, labarin ya fi ƙarfinsu.

Labarin wata amarya ce da aka kai babban gida a ƙauye, mijin ya yi sati kaɗan ya tafi ci-rani ya bar ta da uwar miji da faccaloli. Duk ɗiyar Adar ta san wannan zaman, don mazanmu sun daɗe suna tafiya Abijan da Libiya, su bar mata da tsofaffi da yara. A bayan gidan akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da itace da ƙasa, ba mai zancenta. Dare na farko da amarya ta kwana ita kaɗai ta ji ana daka. Ta ɗauka maƙwabta ne, har ta ji tausayin matar da ke daka a tsakar dare. Da safe ta tambaya, uwar miji ta ce mata kawai: "Ba ki ji kome ba." Daga nan aka fara kiran sunanta da muryar mijin, sau ɗaya tak, daga bayan danga.

A nan marubuciyar ta nuna gwaninta. Ba ta kawo mana dodo mai ƙaho ba, ba ta zubar da jini a shafin farko ba. Abin da aka raine mu da shi ta ɗauko: kada ka amsa kira ɗaya da dare, kada ka watsa ruwan zafi da magariba ba bisimilla, kada mai ciki ta zauna a bakin ƙofa, kada a bi ta gindin tsamiya da tsakar rana. Tana sa amaryar ta karya ɗaya daga cikin waɗannan cikin rashin sani, sai ta rufe shafin ta bar mu da dare. Akwai wurin da yaron gidan ɗan shekara huɗu ya zo ya ce wa amarya: "Wadda ke daka ta ce ki ara mata taɓarya." Ba a ƙara kome ba. Na karanta wannan layin ina tsakar gida, wuta ta ɗauke, iskar damina na kaɗa zana, na tashi na shiga ɗaki na karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. A rukunin kuwa daren nan ba a yi barci ba. Wata ta ce ta kasa fita kama ruwa, wata daga Yamai ta ce ta kwashe taɓarenta ta kai gidan maƙwabta, wata ta rubuta "Innalillahi" kawai ta fita sai da safe.

Sannu a hankali asiri ya tonu. Kakan gidan ne ya ƙulla alkawari da aljana Doguwa a shekarar yunwa: ta cika masa rumbu, shi kuma ya yanka mata baƙar akuya duk shekara. Ya mutu, ƴaƴansa suka yi karatu suka bar yankan, suka rufe rijiyar, bashi ya hau kan jikoki. Wannan ginin ya yi ƙarfi ƙwarai, domin ba tatsuniya ba ce a wajenmu. A ƙasar nan har gobe akwai Azna masu bin addinin gargajiya, a Massalata kusa da Ƙonni ana yin arwa duk shekara don duba yadda damina za ta kasance, kuma gidaje da yawa da yau suke cike da mahaddata sun san abin da kakanninsu suka bari. Marubuciyar ta kama tsoron mutumin da ya tuba tsakaninsa da Allah amma ya san akwai wani abu a bayan gida da ba a sallama ba. Da a kan wannan hanya ta tsaya har ƙarshe, da ba ni da abin cewa sai yabo.

Nakan karanta wa kakata wasu shafuka da hantsi, don idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Ta taso kusa da masu bori, ko da yake ita ba ta taɓa yi ba. Tun a tsakiyar labari ta fara girgiza kai. Ta ce da ni: "Ɗiyata, wagga yarinya ta iya zance, amma ta gama abin da ba a gamawa. Mai bori daban, maye daban, boka daban." Na ce: "Kaka, ai labari ne." Ta ce: "Ko labari na, a hwaɗi shi daidai." Gaskiyarta. A littafin, ƴar bori ita ce mai cin kurwa, ita ce mai binne layu, ita ce kuma aljanar. Alhali a sanin mutanenmu, bori yana da tsarinsa: ana girka mutum, iska ta hau dokinta ko goɗiyarta idan an kaɗa mata goge da ƙwarya, kowace iska da kirarinta da tufarta, Ɗan Galadima ba ya kama da Kuturu, Sarkin Rafi ba ya kama da Malam Alhaji, kuma ana cewa mazauninsu Jangare. Maita kuwa ana cewa gado ce ko saye, ƙanƙara a ciki, kamun kurwa. Mutum zai iya ƙin bori iyakar ƙi saboda addininsa, ni ma ba na zuwa wajen, amma marubuci mai son tsoratar da mu da shi wajibi ne ya san shi. Da ta zauna da tsohuwa ɗaya irin kakata, da labarin ya ƙara nauyi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. A rabi na biyu yaran gidan suka fara ciwo. Sai marubuciyar ta saki zaren Doguwa da bashin kaka, ta ɗora kome a kan wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, idonta ja, tana yawan zuwa roƙon wuta da gishiri. Aka ce ita ce mayya. Samarin gari suka jawo ta, aka tuɓe ta, aka sa ta tsallake yaron da ke kwance, aka yi mata duka, yaro kuma ya tashi garau a shafi na gaba. Labarin ya gaskata zargin ɗari bisa ɗari.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a sashen yara nake aiki. Yadda aka siffanta ciwon yaron nan na san shi kamar yunwar cikina: zafin jiki a watan Agusta, amai, ido ya kakkafe, jiki na jijjiga, yaro na sambatu yana kiran sunan wanda ya gani na ƙarshe. Zazzaɓin cizon sauro ne da ya hau kai. Daga Agusta zuwa Oktoba gadajenmu cike suke da irinsa. Gwajin jinin yatsa yakan ɗauki minti 15 zuwa 20, allurar artesunate tana ceton yaro idan an kawo shi da wuri. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma duk damina daga Yuli zuwa Oktoba ana bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata. Da wannan duka, har yau ana kawo mana yaro bayan ya kwana biyu ana masa turare ana neman wanda ya kama shi, jini ya ƙare, tafin hannu fari fat. Wani ana samun sa'a. Wani uwar ta koma gida da zane a hannu. Kuma sau da yawa, kafin a iso wajenmu an riga an kira sunan wata tsohuwa a unguwa.

Ba na musun aljanu, sura guda ce ta 72 a Alƙur'ani da sunansu, kuma sihiri da kambun baka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana neman tsari daga gare su. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki alamomin ciwon da ke da magani a jingina su ga mace marar gata, a kuma nuna duka ya warkar da yaro. Dubban mata ne ke karanta waɗannan littattafai, da yawansu masu goyo.

Martanin rukunin a daren da aka saki wannan shafi ya fi shafin kansa tayar mini da hankali. Saƙonni suka yi ta zuba: a ƙone ta, Allah ya ƙara, dukan bai isa ba. Wata ta ce wallahi akwai irinta a layinsu, har ta siffanta gidan. Wata ta ce daga yau ɗanta ba zai ƙara karɓar ƙosai a hannun wata tsohuwa ba. Na rubuta abin da na sani game da zazzaɓi, cikin ladabi. Wata Hajiya daga Maraɗi ta mara mini baya, ta ce an taɓa yi wa gwaggonta irin wannan ƙazafi har ta bar garinsu ta mutu a wani wuri. Wasu suka ce: "Malama, ki bar mu mu sha labari, nan ba asibiti ba ne." Ban ji haushinsu ba, don sun biya kuɗinsu ne su ji tsoro su more. Amma maganar Hajiyar nan ta sa rukunin ya yi tsit na ɗan lokaci, daga baya mata uku suka biyo ni ta gefe suna tambayar alamomin da ya kamata su ruga da yaro asibiti.

Abin takaicin shi ne labarin bai ma buƙaci tsohuwar ba. Bashin kaka ya isa ya riƙe shi har ƙarshe. Tambayar da ta fi ban tsoro tana nan a ajiye: jikokin za su koma su yanka akuya su saɓa wa Allah, ko za su dage da addu'a su ga abin da zai biyo baya? Uwar miji da ta san kome ta yi shiru shekara da shekaru, ita ce ya kamata a tsare da tambaya. Marubuciyar ta gina wannan da kyau, sai ta kauce ta bi hanya mai sauƙi, ta ba masu karatu wanda za su tsana. Babin ƙarshe ma an yi shi cikin gaggawa: malami ya zo ya yi ruƙiyya shafi ɗaya, miji ya dawo daga tafiya da akwatuna, rijiyar da ta hana mu barci ba a ƙara ambatonta ba sai a layi biyu.

Ga mai son saye, ina cewa ya saya, musamman don rabin farko, wanda ban ga kamarsa ba wajen iya jan rai da sanin zaman babban gida. Hirar faccaloli a bakin murhu kaɗai ta isa a biya. Kada dai a ba yara ƴan lakwal, kuma mai ciki ko mai jego da ke kwana ita kaɗai ta bari sai da rana. Akwai wanda ake karantawa da murya ga masu son saurare, amma mai karatun tana sauri kuma kiɗan da aka sa a ƙasa yana danne muryarta, rubutaccen ya fi.

An sanar da littafi na biyu zai fara bayan girbi. Na tura wa marubuciyar saƙo ta gefe, na gaya mata abin da na faɗa a nan, na kuma roƙe ta ta dawo da zancen rijiyar, ta bar tsohuwar ta sami wanda zai tsaya mata ko da mutum ɗaya ne a garin. Ta amsa da cewa ta gode, za ta duba. Na riga na gaya wa ɗan'uwana na Ƙonni ya shirya tura kuɗin.