Haɗa gurup biyu a layi ɗaya: ra'ayina kan aikin wani shago a Maradi

Tun lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina a watan Agustan 2023, masu sana'ar ƙanƙara da yawa a Maradi suka dogara ga gurup, wato injin janareto, kuma ko bayan dawowar wutar ba su saki ba. Wanda aikinsa ya fi ƙarfin gurup ɗaya dole ya haɗa biyu, aikin da na ba wani shagon lantarki na cikin gari ke nan.

Aikin ya wuce ɗaura waya. Kafin injuna biyu su zuba wuta a layi ɗaya, sai ƙarfin wutarsu ya zo daidai, kowanne yana juyi 1500 a minti domin ya ba da bugu 50 a daƙiƙa, sannan bugun ya faɗo lokaci guda, kamar yadda lugude a turmi ɗaya ke buƙatar kiyaye lokaci, inda taɓaryar da ta saɓa lokaci za ta haɗu da ƴar'uwarta. Idan aka haɗa su a saɓe, injunan na girgiza, wani lokaci har naɗin wayar ya ƙone. A nan shagon ya burge ni. Sun sa wa kowane gurup na'urar da ke sa ido kan ɗayan, ba ta rufe makunni sai bugun ya daidaita, kuma sun saita su yadda idan nauyi, wato wutar da ake ja, ya ƙaru, kowanne zai ɗan rage gudu ya ɗauki kasonsa gwargwadon girmansa, ba tare da ɗaya ya zama shugaba ba. Da man ƙaramin ya ƙare, na'urar ta cire shi nan take, kafin babban ya fara juya shi da wutarsa.

Da farko nauyin ya yi ta kai da kawowa tsakaninsu, ana jin sautin yana hawa da sauka, amma sun dawo sun gyara saitin ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Inda suka gaza shi ne sun kulle na'urorin da lambar sirri, ba su bar mini takardar saitin ba, don haka ƙaramar matsala ma sai na jira su, ga shi lokacin zafi ba a samun su da wuri. Duk mai son ba su aiki, ya sa batun lambar da takardar cikin ciniki tun kafin ya biya kuɗin kafin alƙalami.