Murhun felet ko kaldayar gas: wanne zaka fara koya a Italiya?

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan uwanmu da ke zaune wajen Brescia ya yi tambaya jiya da daddare, yace ya samu mutum biyu da zasu ɗauke shi yaron aiki, ɗaya gyaran murhun felet yake yi, situfar nan da ake zuba wa ƙwayoyin garin katako, ɗayan kuma kaldaya, wato injin gas mai ɗumama gida da ruwan wanka. Yace shi a gida gyaran janareto da fanka yake yi kafin ya fito, toh wanne zai kama? Na ga wasu sun ce masa "kama gas kawai" basu faɗi dalili ba. Ni felet ne aikina amma a shagonmu ana taɓa gas ɗin ma, bari in jera maka su ka duba da idonka.

Mu fara da shi kansa injin. Murhun felet idan ka kwance murfin gefe komai a fili yake, babu abinda zai baka tsoro tunda ka saba da waya da fanka. Akwai tanki a sama inda ake zuba felet, ƙarƙashinsa wani sukuru ne dogo irin na cikin injin markaɗe, ƙaramin moto na juya shi a hankali yana turo ƙwayoyin suna faɗowa cikin kaskon wuta. Ƙasan kaskon akwai kandeletta, hita ce siririya mai cin wajen wat 300, ita ke yin ja ta kunna wutar. Sai fanka biyu, ɗaya tana zuƙo hayaƙi ta tura shi bututu, ɗaya tana huro iska mai ɗumi cikin ɗaki. Sai fanel da ke ba kowa umarni, da sansar zafin hayaƙi, da wani ɗan suwic mai lura da jan iska, da wani na zafi wanda idan ya yanke sai ka danna shi da hannu ya dawo. Shikenan. MCZ ne, Palazzetti ne, Edilkamin, Ravelli, Extraflame, duk tsarin kusan ɗaya ne, kuma kamfanoni da yawa fanel ɗin Micronova suke sakawa, idan ka gane menu ɗin ɗaya ka gane na saura da yawa.

Kaldaya kuwa akwati ne a manne da bango, ciki a cushe, kuma abu uku kake fama dasu lokaci guda: gas, ruwa da lantarki. Famfon zagaya ruwa, bawul mai hanya uku da ke raba ruwan wanka da na radiyeto, tankin da ke riƙe firesha, bawul ɗin gas. Tun wajen 2015 kusan duk sababbin da ake sakawa masu kondensa ne, wato masu sake amfani da zafin hayaƙinsu, kuma saita wutarsu sai da na'urar auna hayaƙi, ido baya yi. Mai gyaran janareto zai gane ɓangaren wutar da wuri, amma ɓangaren ruwa sabon karatu ne gaba ɗaya.

Wajen lalacewa nan ne bambancin yake da daɗi. A felet, wallahi mafi yawan kiran da muke zuwa babu abinda ya mutu, toka ce kawai. Za'a kira ka ace murhu yaƙi kamawa, sikirin ya rubuta mancata accensione, wato wuta bata kama ba, maigida ya riga ya yanke hukunci wai kandeletta ce ta ƙone don maƙwabcinsa haka tasa ta yi. Kana zuwa ka buɗe ƙofa ka ɗago kaskon zaka ga ramukan ƙasansa duk sun toshe da wata ƙeƙasasshiyar toka da ta narke ta daskare kamar tsakuwa, sai ka sa sukundireba kana ƙwaƙulewa, gilashi yayi baƙi ƙirin, felet ya taru har ya rufe bakin hitar. Iska bata wucewa, ta ina wuta zata kama? Kafin ka ce a sayi komai ka zare filogi, ka ɗora mita a kan kandelettar. Mai wat 300 a kan bolt 230 zata baka om 170 da wani abu, idan ka ga haka lafiyarta ƙalau, idan mita bata motsa ba toh ta yanke da gaske. Daga nan ka duba igiyar gaskit ta jikin ƙofa ko ta saki tana shigar da iska ta inda bai kamata ba, ka zare ɗan tiyon roba da ke zuwa suwic ɗin jan iska ka hura shi don shima toka na cika shi, ka buɗe marfin T ɗin bututun hayaƙi da ke bayan murhu, wani gidan kana buɗewa toka zata zubo maka kan takalmi har rabin bokiti. Fankar hayaƙi idan tana gurnani bata tashi sai an tura ta da yatsa, kai ka fi ni sani, kafasita ce. Moton sukuru yana ƙara amma felet baya saukowa, ka kwashe tankin, gari ne ya dunƙule a ƙasa ko wani abu ya faɗa ciki, na sha ciro ƙusa da guntun ledar buhu.

A gas ba haka bane. Can ba datti ke kashe inji ba, ruwa ne. Ruwan yankin nan yana da alli sosai, yana toshe wurin dafa ruwan wanka, sai mutum yace ruwa na zuwa zafi sanyi zafi sanyi. Ko fireshar ruwa ta sauka ƙasa da bar 1 injin ya tsaya. Ko bawul ya maƙale. Gyaran yawanci cire wannan saka wancan ne, kayan kuma da tsada, idan ka yi kuskuren ganewa ka sa mutum ya sayi fanel alhali ba shi bane toh ka shiga uku da oga. A felet kuskurenka baya cin kuɗi haka, shi yasa nake ganin ya fi daɗin koyo.

Wani abu da mai gas baya fama dashi kwata-kwata shine ingancin makamashi. Gas ɗin da ke shigowa gidan kowa iri ɗaya ne. Felet kuwa kowa da inda ya sayo nasa. Buhu kilo 15 ne, ƙwayar milimita 6, mai kyau zaka ga tambarin ENplus A1 da lamba a jiki, kuma wannan ajin tokarsa bata wuce kashi 0.7 cikin 100, danshinsa baya wuce kashi 10. A 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tashi, buhun da ake saye wajen yuro 5 ya ninka har ya wuce, saboda Italiya yawancin felet ɗinta daga waje take shigo dashi, har sai da gwamnati ta sauke harajin IVA ɗinsa daga kashi 22 zuwa 10 a 2023. Lokacin mutane suka dinga sayen duk abinda suka samu mai araha, mu kuma muka sha kira. Don haka idan ka shiga gida, kafin ka taɓa murhu ka ce a nuna maka buhun. Ka damƙi ƙwayoyin a hannu, idan suna marmashewa ko gindin buhu duk gari ne, ko an jibge buhunan a garejin da ke da laima, ka riga ka samu rabin amsar. Wahalar ita ce faɗa wa dattijuwar da ta sayi lodin buhuna fale guda cewa kayanta ne matsalar, da Italiyancinka da bai gama nuna ba. Sai a hankali.

Maganar jiki kuma kada in ɓoye maka. Felet aikin datti ne. Zaka koma gida hancinka baƙi, ƙarƙashin farce baƙi, kana durƙushe a bayan murhu a lungun da ko juyawa baka iya yi, ga matar gida tsaye a kanka tana kallon farin tayil ɗinta. Ka shimfiɗa leda tun daga bakin ƙofa, ka sa takunkumi mai kyau FFP2 ko FFP3 ba na tsumma ba, kuma kar ka taɓa zuƙar toka da inji sai ta huce sarai. Sannan akwai hawa rufi, don ƙa'idar UNI 10683 tace hayaƙin murhu sai ya fita ta saman rufi, ba'a yarda a huda bango a fitar dashi ba duk da zaka ga gidajen da suka yi hakan. Hawa rufin tayil a watan Disamba da raɓa ta daskare ba wasa bane, idan ogan bashi da igiyar ɗaure ƙugu wannan ma amsa ce. Shi kuma murhun nauyi gare shi, da yawa sun haura kilo 100. Mai gas yana shiga da jakarsa ya fita rigarsa tas.

Haɗari dai kowanne da nasa. Na gas ya fi girma, yoyo ɗaya zai iya tashin bene, shi yasa ba'a sakar wa yaro hannu da wuri. Na felet kuma, idan wuta taƙi kamawa kaskon ya cika, aka sake kunnawa ba'a zubar ba, hayaƙi na taruwa ya kama lokaci ɗaya da ƙara har ya iya fasa gilashi. Kuma wanda aka kwashe daga kasko ba'a mayar dashi tanki. Dukkansu biyun suna iya fitar da iskar nan mai kisa da bata da wari. Tunda maganar ta zo, don Allah masu shigar da gawayi ɗaki lokacin sanyi ku bari, duk shekara sai an ji labarin baƙi irinmu da suka kwanta basu tashi ba.

Yanzu kuɗi, wanda nasan shi ne ainihin tambayar. A yawancin arewacin Italiya lokacin kunna ɗumama daga 15 ga Oktoba ne zuwa 15 ga Afrilu. Felet yana bin wannan lokacin ne sak. Daga Satumba waya bata shiru, kowa ya tuna bai wanke murhunsa ba, Nuwamba zuwa Janairu ko abincin rana a mota ake ci. Ana shiga Mayu sai kasuwa ta kwanta, sai 'yan masu hankali da ke yin wankin shekara da bazara da kuma saka sababbi. Kaldaya kuwa ko a Agusta mutane na wanka da ruwan zafi, kuma doka ta tilasta a dinga duba ta ana rubutawa a littafin injin, ga gidajen gas sun fi na felet yawa nesa ba kusa ba, musamman cikin gari. Felet ya fi yawa a ƙauyuka da kan duwatsu, ke nan tuƙi da yawa, idan baka da lasin ka fara nema tun yanzu. Ta wajen samun aiki duk shekara gas ya ci, babu gardama.

Takardu kuma ɗaya ne ga duka biyun, kuma nan ne 'yan uwa ke yin asara. Dokar DM 37 ta 2008 ita ke faɗin wanda zai iya sa hannu a aiki ko ya buɗe nasa. Wanda bashi da takardar makarantar fannin, hanyarsa ita ce shekara 3 yana aiki da kwantiragi a kamfani mai izini a matsayin ƙwararren ma'aikaci, kuma shekarun koyo basa cikin lissafi. Aikin da aka biya ka a hannu babu takarda, ko shekara goma ka yi, sifili ne. Saka murhun felet kuma yana buƙatar ƙarin shaidar FER, ta masu saka injinan makamashi mai sabuntuwa, da ake sabuntawa duk shekara 3.

Gaba fa? Kowanne ana matsa masa. Jihohin Lombardiya da Veneto da Piyemonte da Emiliya Romanya sun yi yarjejeniya a 2017 saboda gurɓatar iska, suka ce sabon murhu sai mai tauraro 4 zuwa sama a ma'aunin tsabtar hayaƙi, felet kuma sai A1. Wannan aiki ne gare mu don ana ta canza tsofaffi. Gas kuma Tarayyar Turai ta tsayar da tallafin kaldayar gas zalla daga 2025, tana son a rabu da ita zuwa 2040, amma waɗanda ke manne a bango yanzu zasu daɗe suna neman mai gyara.

Toh ni da zaka bi tawa, da hannun da kake dashi, felet zaka fara, don cikin sanyi ɗaya zaka iya zama mutumin da ake turawa shi kaɗai, a gas kuwa zaka daɗe kana riƙe jaka. Amma da sharaɗi. Ka koma wajen mai felet ɗin ka tambaye shi abu uku. Kwantiragi zai yi maka, kuma wane mataki zai rubuta? Me yake yi daga Mayu zuwa Agusta, yana saka AC ko sallamar yara yake? Sannan yana taɓa murhun idro, wato felet mai dafa ruwan radiyeto? Wannan na ƙarshen shi ne mai muhimmanci, don a cikinsa akwai famfo da tankin firesha da bawul irin na kaldaya, idan ka iya shi tsallakawa gas ba zai maka wuya ba. Idan ya amsa biyu cikin ukun da kyau kuma kwantiragi na ciki, kama shi. Idan ya fara kame-kame a kan kwantiragi, tafi wajen mai gas ko da kuɗinsa bai kai ba. Ka faɗa mana abinda suka ce.