Gidan kallon ƙwallon Amurka a Yalwa: allon bango ya fi talabijin aiki

A unguwar Yalwa ta garin Bauchi, cikin wani layi da ɗalibai suka fi yawa, akwai gidan kallon da ya ware ɗaki guda domin zari-rugar Amurka, wato gasar NFL, a kowane daren Lahadi. Na je wurin sau bakwai tsakanin Satumba da Nuwamba na shekarar 2025, ina biyan kuɗin shiga kamar kowa, kuma kuɗin daidai yake da wanda ake karɓa a babban zauren da ake nuna gasar Firimiya ta Ingila. Wanda ya ja ni wurin ɗan yayata ne, ɗalibi, wanda ya dame ni da labarin ƙungiyar Philadelphia Eagles har na ga gara in je in gane wa idona.

Ɗakin ba babba ba ne. Benci ne jere guda shida da kujerun roba kaɗan a gaba, sai talabijin ɗaya manne da bango, da fanka biyu waɗanda ɗaya daga cikinsu ƙara kawai take yi. Wutar sola ake amfani da ita, janareta kuma na nan a ajiye, saboda haka ban taɓa ganin kallo ya yanke don an ɗauke wuta ba, kuma wannan abin yabo ne a garin nan. Bencin dai ba shi da majingina, alhali wasan da aka rubuta masa minti 60, kashi huɗu na minti 15, yakan ci wajen awa uku saboda yawan tsayawa da tallace-tallace. Mai shekaru irin nawa ya zo da wuri ya kama kujerar roba, in ba haka ba bayansa zai ba shi labari da safe.

Kusan duk masu zuwa magoya bayan Eagles ne, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: sunan mikiya ne kamar na ƙungiyar ƙasarmu, rigar kuma kore. Wasu sun ƙara da cewa akwai ɗan Najeriya a cikinta, Moro Ojomo, haifaffen Legas, wanda ƙungiyar ta ɗauka a zagaye na 7 na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2023. Nasarar da suka samu a wasan ƙarshe na Super Bowl ranar 9 ga Fabrairun 2025, inda suka doke Kansas City Chiefs da maki 40 da 22 a birnin New Orleans, ita ta cika ɗakin da sababbin fuskoki. Akwai mutum biyu ko uku masu goyon bayan Chiefs saboda Patrick Mahomes, mai jefa mata ƙwallo, sai wani dattijo da ke bin Cleveland Browns, wanda hujjarsa ita ce a 2024 hukumar gasar ta ba ƙungiyar izinin tallata kanta a Najeriya. Ana tsokanarsa, yana dariya.

Abin da ya bambanta wurin da duk gidan kallon da na sani shi ne wani baƙin allo da ke gefen talabijin. Matashin da ke kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Malam ko da yake bai kai yawancinmu shekaru ba, yakan rubuta sunayen 'yan wasan da za su fara, da waɗanda suka ji rauni, da kuɗin kwantiragin manyansu. Duk lokacin da aka tafi talla, sai ya rage murya ya ɗauki alli ya yi bayani da Hausa. A wurinsa na fahimci cewa ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, cewa kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, bugun ta tsakanin sanduna kuma maki 3. Masu sharhin talabijin Turancinsu na hanci ne, ga sauri, don haka ba don allon nan ba da rabin ɗakin kallon turereniyar ƙarti kawai yake yi.

Amma darasin da ya fi tayar da ƙura shi ne na kuɗi. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowace tana da 'yan wasa 53 a babban jerinta, kuma akwai iyakar albashin da ba a yarda kowa ya tsallake ba. A 2024 iyakar dala miliyan 255.4 ce, a 2025 ta hau zuwa miliyan 279.2, kuma tana hawa ne gwargwadon kuɗin shigar gasar, wanda mafi tsokarsa daga gidajen talabijin yake fitowa ana raba shi daidai tsakanin ƙungiyoyin. Ga mutanen da suka tashi suna ganin attajiri ya sayi kulob a Turai ya zuba masa kuɗi har ya ɗauki kofi, wannan tsari baƙo ne ƙwarai, kuma da shi ake auna kowace muhawara a ɗakin.

Muhawarar da na fi jin daɗinta ita ce ta 'yan wasan da Eagles ta bari suka tafi makonni kaɗan bayan ɗaukar kofi. Milton Williams ya koma New England Patriots a kan dala miliyan 104 na shekara huɗu, Josh Sweat ya koma Arizona Cardinals, an sallami Darius Slay, an kuma yi musayar C.J. Gardner-Johnson zuwa Houston Texans. Wani malamin makaranta da ke zama a layin gaba ya kafe a kan cewa wannan butulci ne, domin Sweat da Williams suna cikin waɗanda suka hana Mahomes sakat a wasan ƙarshe, suka yi ta kayar da shi kafin ya jefa ƙwallo, kuma a ganinsa wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare. Abokin gardamarsa wani ɗan kasuwa ne mai shago a Wunti, wanda ya ce masa: "Allah ya gafarta Malam, ai ba rowa aka yi musu ba, jarin ne aka ƙayyade. In ka zuba shi duka a kaya ɗaya, da me za ka saro sauran?" Ya kawo misali da cewa an riƙe Zack Baun da dala miliyan 51 na shekara uku, an ƙara wa Saquon Barkley, mai rugawa da ƙwallo, kwantiragi, ga kuma na Jalen Hurts, mai jefa ƙwallo, wanda tun 2023 aka sa masa hannu a kan dala miliyan 255 na shekara biyar.

Ni dai na fi karkata ga ɗan kasuwar, duk da cewa maganar malamin ta fi daɗin ji. Hujjar da ta rinjaye ni a allon na gan ta. Sabon ɗan wasan da aka zaɓo daga jami'a albashinsa ƙayyadajje ne a shekarunsa huɗu na farko, don haka ƙungiyar da ta iya zaɓe tana samun aikin gwani a farashin almajiri. Quinyon Mitchell da Cooper DeJean, waɗanda aka ɗauka a 2024, sun riƙe tsaron baya tun shekararsu ta farko, har DeJean ya cafke jifar Mahomes ya ruga da ita ya ci maki a Super Bowl ranar da ya cika shekara 22 da haihuwa. Tafiyar Williams kuma ita ta buɗe wa Ojomo ƙofar samun ƙarin lokaci a fili, kuma da aka tunatar da malamin haka sai ya yi murmushi ya ce to wannan kam ba ya ja.

Inda na ga mai allon ya gaza shi ne son kai. A bakinsa Howie Roseman, jami'in da ke tsara jerin 'yan wasan Eagles, ba ya kuskure. Ya yi mana kyakkyawan bayani a kan yadda ake rarraba kuɗin sa hannu a kan shekaru har biyar domin nauyinsa ya ragu a lissafin bana, amma da ɗan kasuwar ya ce wannan cin bashin gobe ne kuma ranar biya na nan tafe, sai ya share allon ya koma wani zance. Haka kuma in aka zo kan New York Giants, waɗanda suka bar Barkley ya tafi a 2024 ya je ya yi gudun yadi 2,005 a kaka ɗaya a Eagles, ba'a ce zalla, ba a taɓa tsayawa an duba dalilin da ya sa ƙungiyoyi ke ɗari-ɗari da biyan masu rugawa da ƙwallo kuɗi mai yawa ba, wanda shi ne saurin jin rauni da gajeriyar rayuwar wasa. Wanda ya ɗauki alli ya kamata ya riƙa kawo hujjar ɓangaren da ba nasa ba.

Akwai kuma batun dabarar nan da 'yan ɗakin suka raɗa wa suna "ture", inda idan yadi ɗaya ya rage sai a jeru a tura Hurts ta baya har ya tsallake. A watan Mayun 2025 Green Bay Packers ta nemi a haramta ta, ƙungiyoyi 22 suka goyi baya, 10 suka ƙi, alhali ana bukatar 24, sai ƙudurin ya faɗi. A ɗakin nan hassada ake kiran yunƙurin. A nawa ganin dabarar ba ta da kyan kallo, kuma a wasan da suka yi da Chiefs ranar 14 ga Satumba, wanda suka ci 20 da 17, ni kaina na ga kamar wasu na motsawa kafin a saki ƙwallo. Na faɗi haka a fili, ɗan yayata ya ce, "Kawu, don Allah ka bari mu fita lafiya."

Tsarin da ya fi ɗaure wa sababbin zuwa kai shi ne cewa ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ba ta faɗawa ƙaramin rukuni, ita ce ma ke fara zaɓen sabon ɗan wasa a watan Afrilu. Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana addu'ar kada Wikki Tourists ta nutse ya san bambancin. Wasu na cewa adalci ne, wasu na cewa lada ne ga ragwanci.

Babban aibin wurin shi ne hoton. Ta intanet ake jawo wasan, kuma sabis ɗin yakan yi rauni daidai lokacin da layin ya cika da masu waya. Ranar 21 ga Satumba, a wasan Eagles da Los Angeles Rams, ana saura daƙiƙoƙi Rams za su buga ƙwallon da za ta ba su nasara, sai hoton ya daskare. Kafin ya dawo, wani yaro a bencin baya ya riga ya gani a wayarsa ya kurma ihu cewa Jordan Davis na Eagles ya tare bugun ya ruga har ƙarshen fili, Eagles ta ci 33 da 26. Mun ga abin daga baya, amma kamar cin tuwon jiya ne ba ɗumame. Ko da sabis bai yanke ba, hoton yana bayan sakamakon waya da kusan minti guda, kuma dokar da aka rubuta a ƙofa ta hana duba waya ba mai bin ta. Dokar hana zancen caca kuwa ana bin ta sosai, na ga an fitar da mutum a kanta.

Lokaci ma yana da nasa cikas, ko da yake wannan ba laifin mai gida ba ne. Wasannin farko suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogon Najeriya a Satumba da Oktoba, su koma ƙarfe 7 daga Nuwamba idan Amurka ta sauya agogo. Na shida yana karo da magariba, kuma na yaba da yadda ake kashe murya a fita salla a masallacin bakin layi, a dawo mai allo ya taƙaita abin da ya wuce. Sai dai a lokacin babban wasan Firimiya na Lahadi bai ƙare ba, ihun zauren da ke maƙwabtaka yana shigowa ta bangon langa-langa. Wasan da ke biye yana farawa wajen tara da rabi, ko goma da rabi daga Nuwamba, ya kai bayan sha biyun dare. Na tsakar dare kuwa, wanda ke farawa bayan ƙarfe ɗaya, ba a nuna shi sam, kuma da yake Eagles ce mai riƙe da kofi a kakar 2025, wasanninta da dama can aka kai su. Mai gidan ya ce Super Bowl kaɗai yake buɗe wa ɗaki a irin wannan lokaci, bayan ya sanar da mai unguwa.

Mai shayi na bakin ƙofa har a tashi, akwai mai tsire a tsallaken titi, amma ban-ɗakin wurin yana bukatar gyara da fitila. Ban ga mace ko ɗaya ba a zuwana bakwai, kuma yadda aka tsara zaman bai ba da damar hakan ba.

Wanda ya riga ya san wasan, yake kuma da intanet mai ƙarfi a gida, ba hoto zai kawo shi nan ba. Wanda kuwa yake son ya fahimci dalilin da ya sa zakara ke rabuwa da gwanayenta, ko yake neman abokan gardama da Hausa a kan kwantiragi da zaɓen 'yan wasa, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba, musamman in ya zo rabin awa kafin a fara, lokacin da ake cika allo. In wasan tara da rabi za ka tsaya, ka yi magana da ɗan acaɓan da zai dawo ya ɗauke ka tun da wuri, domin bayan sha biyu layin yakan yi tsit, kuma daga ƙarshen Nuwamba ka riƙo rigar sanyi, tagogin ɗakin ba su da marfi.