Inkbird ITC-308: yana da amfani ga anemonin da ya koɗe a zafin Akra?

Mai tankin kifi na ruwan gishiri a unguwar Nima ko Madina a Akra, in ya wayi gari ya ga anemoninsa, wato dabbar teku mai yatsu da yawa da ke manne da dutse kamar fure, ya yi fari fat kamar auduga, zafin ruwa zai fara dubawa kafin fitila ko gishiri. Launin ruwan ƙasa da ke jikin wannan dabba na wata gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya da ke zaune cikin namanta, tana haɗa mata abinci daga haske. Ruwa ya kai digiri 30 ya daɗe a nan, zaman ya ɓaci, dabbar ta fitar da gansakukar, ta koma fara kuma cikin yunwa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana a Akra kan kai digiri 32 ko 33. Ƙara da rufin kwano, da zafin famfon da ke juya ruwan da na fitila, sai ka ga tanki ya wuce 30 ba tare da hita ko ɗaya ba.

ITC-308 makunni ne mai auna zafi. Yana da tsinke da ake tsomawa a ruwa da soket biyu, ɗaya na ɗumamawa, ɗaya na sanyayawa. Shi kansa ba ya sanyaya komai, kunnawa da kashewa kawai yake yi, kuma masu saye da yawa a nan suke yin kuskure. Yana ɗaukar amfiya 10, wanda ya ishi fanka da matsakaiciyar na'urar sanyaya ruwa. A nemi mai filogin Ingila mai ƙafa uku, shi ne ya dace da bangon Gana da wutarmu ta bolt 230. Kada a ruɗe da ɗan'uwansa ITC-306A: an yi shi don akwariyam, amma hita kaɗai yake sarrafawa, mu kuwa a nan sanyi muke nema.

Saitinsa ba wuya. TS shi ne zafin da ake so, a sa 26. CD tazarar da zai bari kafin ya kunna sanyi, a sa 0.5, wato fanka ta tashi a 26.5 ta tsaya a 26. AH ƙararrawar zafi ce, 28.5 ya yi. PT jinkiri ne na kare kwamfuresa: sifili in fanka ce, minti 3 in na'urar sanyaya ruwa ce, don kada ta riƙa tashi tana mutuwa a jere. Kafin a yarda da adadin da yake nunawa, a gwada shi da wani ma'aunin zafi na daban, a gyara bambancin a CA. Idan tankin ya yi kwanaki a 30, kada a faɗo da shi 26 a wuni ɗaya. A riƙa rage TS digiri ɗaya kowace rana, domin saukar gaggawa ma duka ce ga dabbar da ta riga ta jigata.

Inda ya burge shi ne yana riƙe saitinsa bayan an ɗauke wuta, ba sai an sake danne-danne ba duk lokacin da dumso, wato ɗauke wuta a Gana, ya wuce. Inda ya gaza kuwa tsinkensa ne. Na ƙarfe ne, ruwan gishiri kuma ba ya ragawa ƙarfe. A hankali yana ci, ruwa ya shiga, adadi ya fara ƙarya. Ko dai a sayi samfurin ITC-308S da ke zuwa da tsinken akwariyam, ko a rufe na ƙarfen da silikon irin na gilashin kifi, a bar shi ya bushe sarai. A ɗaure tsinken inda ruwa ke gudana, a ƙasa da inda ruwan zai iya janyewa. Tsinken da ya fito iska zafin ɗaki yake aunawa.

Sai maganar fanka, wadda ta fi daɗin faɗa a kan aikatawa. Fankar da ke hura saman ruwa tana rage digiri 1 zuwa 3 ta hanyar tururi, amma iskar bakin teku cike take da danshi, don haka a Akra a sa rai da ƙasan wannan adadin, sai ko da hunturu. Tururin kuma ruwa yake kwashewa ya bar gishiri. Tankin lita 200 da ke asarar lita 4 a rana, in an yi kwana uku ba a cika ba, gishirinsa zai tashi daga 35 zuwa sama da 37 cikin dubu. Kullum a cika da ruwan da aka tace da RO/DI, wato matatar da ke cire gishiri da sinadarai daga ruwa, a riƙe nauyin ruwan, wato ma'aunin gishirinsa, a 1.025 zuwa 1.026. Ruwan famfo yana da kulorin, na leda kuma ba a san abin da ya rage a cikinsa ba sai an auna. Ɗakin da fanka ta kasa sauko da tanki ƙasa da 28, na'urar sanyaya ruwa yake buƙata ko iyakwandishan, kuma nan ne kuɗin gaske yake.

Ko zafi ya daidaita, anemonin da ba shi da gansakuka ba zai ƙoshi da haske ba, sai an ba shi a baki. Sau biyu ko uku a mako, a yanka ɗanyen jatan lande mara gishirin adana girman ƙwayar masara ko ƙasa da haka, a kashe famfo minti 15, a ɗora a kan yatsunsa da ɗan hantsaki. Babbar loma amai take jawowa, ta ruɓe ta ɓata ruwa. Kifin kilawun, wato ƙaramin kifin da ke zama a jikin anemoni, in yana ƙwace abincin ko yawan birgima a kansa, a raba su da raga. Fitila a rage ta zuwa kusan rabi, a riƙa ƙarawa kaɗan kowane mako. Kada a tsaftace ruwan har naitiret, sinadarin da ke taruwa daga kashin kifi, ya koma sifili. Naitiret 5 zuwa 10 ppm (kashi cikin miliyan) da sinadarin fosfet 0.03 zuwa 0.1 su ne abincin gansakukar da ake so ta dawo. In anemonin ya maƙale a ƙarƙashin dutse a ƙyale shi, ɓamɓarar ƙafarsa na iya yaga ta. A dai rufe bakin famfo da soso, saboda mai rauni yawo yake yi.

Alamar sauƙi ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa ne a yatsu da kuma danƙo in abinci ya taɓa su, yawanci bayan wata ɗaya zuwa uku. Baki a wangale, ƙafa ta saki dutse, nama yana zagwanyewa da wari, wannan a fitar da shi nan take a canza ruwa kafin ya kashe kifin.

Ranar da wuta ta tafi ITC-308 ma ya tafi, ƙararrawarsa ba ta da batir. Wanda zai saye shi ya haɗa da famfon iska mai batir, ya kuma ajiye gorar ruwa biyu a firiza, rufaffu, da za a saka cikin tanki ɗaya bayan ɗaya in rana ta take.