GARGAƊI: mai cewa yana ƙera wuƙa da tsohon zarto ya ci min N85,000, ya tafi da kayan aikin mahaifina

Jama'a wallahi kwana huɗu ke nan ina rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. N85,000. Dubu tamanin da biyar, kuma ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba, zarton Baba ne.

Akwai wani da ke tallar wuƙaƙe a Facebook, yana cewa shi ba ya taɓa sabon ƙarfe, aikinsa tsofaffin kayan kafinta ne, zarto, cizal, ƙarfen abin gogar katako na hannu, ya yanka ya fitar da wuƙar fiɗa da ta yanka da ta kicin, ya sa ƙotar katako ya ɗinka kube. Kuma maganar da yake yi a kan ƙarfe gaskiya ce, abin da ya kama ni ke nan. Ni ɗan kafinta ne, a cikin garin katako na tashi, ba wanda zai koya min cewa ƙarfen tsohon zarto yana shan wasa yana riƙe kaifi. Ya ce zarton yanzu da yawa haƙoran kaɗai ake taurarawa, jikin ba ya riƙe baki. Haka ne. Ya ce idan ana wasa ƙarfe a inji aka bar shi ya yi zafi har ya koma shuɗi to taurinsa ya tafi, shi ya sa yake tsoma shi a ruwa kowane ɗan lokaci. Wannan ma haka ne. To wanda ya san wannan ta ina zan ce ɓarawo ne?

Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ni aka bar wa akwatin kayan aikinsa. A ciki akwai rabin babban zarton nan na mutum biyu da ake tsaga gungume da shi, ya karye tun ina yaro amma Baba ya ƙi yarwa, akwai tambarin Sheffield ta Ingila a jikinsa ya dushe sai ka karkata shi a rana kake gani. Da cizal uku da ƙarfen gogar katako biyu. Niyyata kafin Babbar Sallah a fitar min da wuƙa 6, in ba kowane ƙanina ɗaya, mu yi fiɗar layya da ƙarfen mahaifinmu. Niyyar ke nan kawai.

Na tura N50,000 na farko. A'a, kafin nan mun yi bidiyo kol, kusan minti ashirin. Na ɗaga masa zarton ya gani, ya yi shiru, ya ce "Babban yaya, Allah ya jiƙan Baba, wannan ai ba ƙarfe za ka aiko min ba, amana ce." Wannan kalmar. Amana. Har yanzu in na kwanta ita nake ji. A bayansa ina hango zugazugi da uwar maƙera, ya ɗauko wata wuƙa ya aske gashin hannunsa da ita a gabana, ya kara wani guntun ƙarfe a inji tartsatsi yana fita yana rassa-rassa, ya ce ka gani, ƙarfen banza tartsatsinsa dogo ne miƙaƙƙe ba ya fashewa haka. Wa zai ga wannan bai yarda ba? Ku faɗa min tsakani da Allah. Matata ta ce kada in aika kayan Baba, in kai wa maƙerin unguwa in tsaya a kansa, na ce mata wannan gwani ne, na gani da idona. Amana ce, in ji shi.

Na naɗe kayan a buhu na kai tasha na ba direba. Bayan sati ya ce katakon ƙota na maɗaci ya yi tsada, a ƙara N20,000, na tura. Sai N15,000 na fata da ɗinkin kube da kuɗin mota. Ko na kuben ne ya riga, zan duba, duk suna cikin wayata. 50 da 20 da 15, N85,000 cif, kuma asusun da na tura na ƙarshen sunan wata mata ne, ya ce ƙanwarsa ce, nasa asusun yana da matsala. Na ɗan ji wani iri a lokacin amma ai kayana suna hannunsa, me zan yi.

Saura kwana uku Sallah kwali ya iso. Wuƙa huɗu ne a ciki ba shida ba. Ina ɗaukar ta farko na san ba ƙarfen Baba ba ne, sai ƙyalli kamar gwangwani, ga fenti baƙi an shafa wajen ƙota wai ya nuna tsufa. Na sa magagari a bakinta, ya ci ta kamar sabulu, alhali ƙarfen da aka taurara da kyau magagari zamewa yake a kansa. Na danna tsinin a kan benci ya lanƙwashe ya tsaya a lanƙwashe, ƙarfen zarto kuwa in ka lanƙwasa shi dawowa yake. Na kai wa wani dattijon maƙeri, ya juya ta sau ɗaya ya ce ɗana wannan irin ƙarfen da ake walda ƙofa da shi ne. Kuben ma roba ce.

Na kira, ya ce yaronsa ne ya yi kuskure ya haɗa min kayan wani, gobe zai aiko nawa. Gobe, jibi, sai layi a kashe, sai ya yi bulokin ɗina a WhatsApp. Daga baya wani ya nuna min bidiyon askin gashin nan a wani shafi daban da wani suna daban, hannu ɗaya, wuƙa ɗaya. Maƙerar da na gani ma ban yarda tasa ba ce, wataƙila shiga ya yi ya ari wuri ya kira ni.

Ina da sikirinshot na hirarmu duka, da rasit uku, da muryarsa inda yake cewa amana, da daddare zan ɗora in sha Allah in na rufe sunan matar, don ban san ko ita ma amfani aka yi da ita ba.

Kada ku tura kuɗi kafin aiki, kada ku aika ƙarfenku ta mota, ku kai wa maƙerin da kuka san ƙofarsa, ku tafi da magagari.

Ƙannena ban gaya musu ba tukuna, autarmu jiya ma ta tambaye ni ina wuƙarta. N85,000 ɗin na yafe in zai dawo min da rabin zarton nan. Duk wanda ya gan shi wajen 'yan gwangwan, haƙora biyu sun fita kusa da inda ya karye, don Allah ya yi min magana.